Yarinya ta ƙi abinci, an ce a kai ta wajen mai kansilin: hira tana warkar da wannan ciwo?

Tambayar da ta tashi a wani gidan suna da muka je nan Jidda kwanakin baya ita ce, mutum ya daina cin abinci, ko kuma yana ci yana lallaɓawa bayi yana amayarwa, ta yaya zama da wani a ofis ana hira zai warkar da shi? Wata baiwar Allah ce ta kawo zancen 'yar ƙanwarta mai shekara 16 da ta rame har ta yanke jiki ta faɗi a makaranta, aka kai ta mustashfa, wato asibiti, aka yi mata ƙarin ruwa, da za a sallame su sai daktora ta rubuta musu takarda zuwa ɓangaren nafsiyya, wato na lafiyar ƙwaƙwalwa. Nan fa falo ya kaure. Wata ta ce shagwaɓa ce kawai an sangarta ta, wata ta ce baki ne a yi mata ruƙiyya, wata hajiya kuma ta ce a sayo mata sha-ka-fashe sati biyu za ta cika riga, kuma kusan kowa ya yarda a kan abu guda, cewa kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa tamkar an ce 'yar mutane ta haukace ne, gobe wa zai aure ta.

Ni dai na kasa yin shiru, don na ga wannan ciwo da idona a gidan maƙwabtanmu, shekara uku ina kallon uwa tana kuka a kan farantin shinkafa. Shi ya sa na ce bari in zauna in warware abin yadda na fahimce shi.

Wane ciwo ma ake magana a kai?

Ba kowace ramewa ba ce, ba kowane rashin jin yunwa ba ne. Mai zazzaɓi ko mai olsa ko mai ciki yana iya ƙin abinci, wannan daban. Abin da likitoci ke kira ciwon rikicewar cin abinci shi ne a wayi gari tunanin abinci da nauyi da siffar jiki ya mamaye rayuwar mutum har yana cutar da shi kuma ya kasa dainawa ko da yana so.

Wanda aka fi sani shi ne anoreksiya. Mai ita tana matse kanta da yunwa da gangan, tana tsoron ƙiba kamar tsoron wuta, ta tsaya gaban madubi ƙasusuwa a waje amma ita teɓa take gani. Wani likitan Ingila, William Gull, shi ya raɗa mata wannan suna tun 1873, don haka masu cewa waya ce ta ƙirƙiro ta ba su yi daidai ba. Sai bulimiya, wadda likita Gerald Russell ya fayyace a Landan a 1979: mutum ya ci abinci mai yawan gaske cikin ɗan lokaci yana jin kamar ba shi ke riƙe da hannunsa ba, sannan kunya da tsoro su kama shi ya je ya zura yatsa ya amayar, ko ya sha maganin zawo, ko ya kwana biyu bai ci ba. Ita wannan ta fi wuyar ganewa don jikin mai ita sau da yawa daidai yake, ba rama ba ƙiba. Matar Sarki Charles na Ingila ta farko, Diana, ta faɗa da bakinta a hirar talabijin a 1995 cewa ta yi shekaru tana fama da ita. Na uku shi ne cin wuce kima ba tare da amai ba, mutum ya kulle ɗaki ya ci har cikinsa ya yi ciwo sannan ya zauna yana tsanar kansa, shi wannan sai a 2013 aka sa shi cikin littafin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka a matsayin ciwo mai zaman kansa, kuma ya fi sauran biyun yawa a cikin jama'a, maza ma suna cikinsa sosai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 14 ne ke fama da waɗannan cututtuka, kusan miliyan 3 yara ne da matasa. A nan Saudiyya ma babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na ƙasa ya gano kusan mutum 6 cikin 100 sun taɓa yin ɗaya daga cikinsu a rayuwarsu. Kuma anoreksiya tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, wasu zuciya ce ke tsayawa, wasu kuma su kashe kansu, Allah ya tsare.

Daga ina yake fitowa?

Babu dalili guda. Akwai gado, don ana ganin ciwon yana bin dangi. Akwai hali, yawanci yaran nan da ake yabo ne, masu son komai ya fita cif, na ɗaya a aji, marasa hayaniya, masu haɗiye damuwa. Sai wani abu ya zo ya kunna, ko rasuwa, ko rabuwar iyaye, ko tsokana a makaranta, ko cin zarafi da yarinya ta kasa faɗa wa kowa, ko kuma kawai rijim, wato rage cin abinci don a rame, da aka fara da wasa kafin biki.

Abin da ake kallo ma yana da hannu. A tsibirin Fiji mutane ne masu son mace mai jiki kamar mu, a 1995 talabijin ta shiga wani yankinsu, wata mai bincike Anne Becker ta koma bayan shekara uku ta tarar 'yan mata 'yan makaranta sun fara amai don su rage nauyi, abin da ba ta samu ba a zuwanta na farko.

Amma abin da ya fi damuna shi ne 'ya'yanmu na nan tsakanin wuta biyu suke. A gida kaka tana cewa "ke wannan ramar taki kamar ba a ba ki abinci, wa zai kalle ki haka", ana tura mata tuwo ana ƙara mata kabsa, in aure ya matso a fara neman maganin ƙiba. Ta fita makaranta ko ta buɗe Snapchat da TikTok, can kuma zancen rijim ne da shayin rage tumbi da allurar Ozempic da wance da ta yi takmim, wato tiyatar rage ciki, ta zama kamar ba ita ba. Ga gaisuwarmu kanta, mu da ba ma iya ganin mutum ba mu yi sharhi a kan jikinsa ba, "kai kin yi ƙiba", "lafiya kika rame haka". Yarinya mai shekara 14 tana jin wannan daga ɓangare biyu kullum, ta gane cewa jikinta abin tattaunawar kowa ne. Sannan abaya tana rufe komai, kuma a tire ɗaya muke ci, babu wanda ke lura wa ta kai loma nawa. 'Yar maƙwabtanmu ta yi wata takwas tana juya hannu a cikin tire kafin uwarta ta gane, ranar ma da ta gane wajen ɗinkin Sallah ne da tela ta auna ta.

Yunwa da kanta tana juya tunani

Wannan ne abin da in mutum bai gane ba ba zai gane aikin kansilin ba. A 1944 zuwa 1945 wani masani Ancel Keys ya yi gwaji a jami'ar Minesota ta Amurka da maza 36 lafiyayyu waɗanda suka amince da kansu, aka rage musu abinci kusan rabi na tsawon wata shida har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Mutanen nan da ba su da wata matsala a da suka koma ba sa tunanin komai sai abinci, suna tara littattafan girki, suna yanka abinci ƙanana ƙanana suna ɗaukar awanni a kan faranti ɗaya, ga fushi ga baƙin ciki ga gudun mutane, da aka sake su kuma wasu suka rinƙa ci ba tsayawa.

Ma'ana yawancin abin da muke gani a wajen yarinyar muna cewa taurin kai ne ko rashin kunya ko aljanu, aikin yunwa ne a ƙwaƙwalwa. Shi ya sa duk mai kansilin da ya san aikinsa ba ya cewa bari mu gama tono damuwarta tukuna in ta ji daɗi za ta ci. A'a, abinci ne farko, don ƙwaƙwalwar da ke jin yunwa ba ta ɗaukar magana.

Kansilin ba nasiha ba ce

Mu in aka ce a yi wa mutum magana, nasiha muke nufi. A zaunar da shi, babba ya yi ta faɗa, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce to, na gode, ba zan ƙara ba. Nasiha tana da wurinta, amma yarinyar nan wallahi ta fi mu sanin cewa abin da take yi yana cutar da ita, an faɗa mata sau ɗari, ita ma ta faɗa wa kanta sau dubu. Matsalar tsoro ne, in aka ajiye mata farantin mandi abin da take ji a ƙirjinta shi ne abin da ke za ki ji in aka ce ki sa hannu a ramin maciji.

Kansilin aiki ne mai tsari da adadin zama da abin da ake aunawa. Wanda aka fi gwadawa ga manya shi ne wanda likitoci ke kira CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a, kuma akwai nau'insa da Christopher Fairburn ya tsara a jami'ar Oksfod musamman don wannan ciwo. Zama 20 ne cikin kusan sati 20, in kuma mutum ya rame sosai a kai shi wajen 40. Ana fara wa da rubutu, duk abin da ta ci ko ta sha ta rubuta da lokacin da abin da take ji a ranta, ba don a kama ta da laifi ba, don ita da kanta ta ga zaren. Sai ta ga ashe duk ranar da ta ƙi karyawa ta ƙi cin rana, daren ne take afka wa firij. Daga nan a sa ta tsarin ci, sau uku a rana da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku a tsakani, kar a wuce awa huɗu ba a ci ba, kuma wannan kaɗai yakan rage afkawar sosai. Awo sau ɗaya ne a sati, a gaban mai kansilin, ba hawa sikeli sau goma a rana ba. Ana kuma gaya mata gaskiyar da ba ta sani ba, cewa amai ba ya fitar da duk abin da aka ci, maganin zawo kuwa ruwa da gishirin jiki yake kwashewa don abincin ya riga ya shiga jini tun a ƙaramin hanji.

Sai a zo kan tushe. Akwai wani abu da ake yi da ya tsaya mini a rai, a ce ta zana da'ira ta raba ta gwargwadon abubuwan da take auna darajar kanta da su. Mai lafiya za ta raba tsakanin iyali da ibada da karatu da ƙawaye da sana'a, ita kuwa sai ka ga kusan duk da'irar nauyi ne da siffa. Aikin sauran watannin shi ne a faɗaɗa sauran yankunan, a koma islamiyya, a koma ziyara, a ci sambusa guda a zauna da tsoron har ya sauka a ga duniya ba ta tashi ba. Abu ne mai wuya, akwai kuka a ciki, akwai ranar da za ta ce ba za ta koma ba.

In yarinya ce ƙarama, iyaye ne maganin

Wannan ɓangaren na fi so iyaye su ji, don yawancinsu abin da ke hana su zuwa shi ne tsoron za a ce su suka jawo, ko a shiga tona sirrin gida. Ga 'yan ƙasa da shekara 18 hanyar da aka fi amincewa da ita ta fito ne daga asibitin Maudsley na Landan, kuma ginshiƙinta shi ne ba a ɗora wa iyaye laifi, ba a ɗora wa yarinya laifi. Ana raba yarinyar da ciwon, a ce wa uwa: wadda ta watsar da farantin nan ba 'yarki ba ce, ciwon ne ke magana da bakinta. A matakin farko iyaye ke karɓe ragamar abinci gaba ɗaya, su ke zuba mata, su zauna da ita har ta gama ko awa biyu za a yi, ba zagi ba duka ba roƙo ba ciniki, kuma a zauna da ita bayan cin don kar ta wuce bayi. Har abinci ake sa iyali su kawo ofis a ci a gaban mai kansilin don ya ga yadda ake yi ya gyara musu. In nauyi ya fara dawowa sai a riƙa mayar mata da ragamar sannu sannu, a ƙarshe a koma kan sauran al'amuran ƙuruciya da ciwon ya tsayar.

Ni a ganina wannan hanya ta dace da gidajenmu fiye da yadda muke zato, don mu dama ba ma barin mara lafiya shi kaɗai. Wahalar kawai ita ce baki ya zo ɗaya. In uwa ta ce sai kin cinye, uba ya shigo ya ce a ƙyale min 'ya, goggo ta zo ta ce kai ma sha Allah ta fara kumatu, to aikin wata guda ya rushe a minti ɗaya. Maƙwabciyata sai da ta bi 'yan uwa ɗaya ɗaya tana cewa don Allah Yaya, don Allah Hajiya, in kun zo ku tambaye ta karatu, kar wanda ya ce ta yi ƙiba ko ta rame. Wasu sun ji haushi. Kuma sai da aka daina zuba mata a tire aka ware mata farantinta.

Masu cewa ruƙiyya, da masu cewa ƙwaya

Babu musulmin da zai ce kar a yi addu'a, a karanta mata, a tofa mata, a yi sadaka. Abin da nake roƙo shi ne kar a ce sai an gama wannan kafin a je asibiti, don wata shida da za a yi ana yawo daga wannan malami zuwa wancan, zuciyarta na ƙara rauni ne. Annabi (SAW) ya ce ku nemi magani ya bayin Allah. Kuma a guji duk wanda zai ce a dake ta don aljani ya fita, ko ya ba ta abin sha mai sa amai da gudawa, wannan ga mai irin wannan ciwo zai iya zama ajali.

Su kuma masu cewa a ba ta ƙwaya a huta, gaskiyar ita ce har yau babu maganin da aka amince da shi a matsayin mai warkar da anoreksiya. Ga bulimiya akwai fluoxetine da likita kan rubuta kuma yana taimakawa, amma tare da kansilin ya fi aiki. Sha-ka-fashe da ire-irensa da ake haɗawa da dexamethasone kumburi suke kawowa, ga hawan jini ga sukari ga lalata ƙashi, sannan yarinyar da ke tsoron ƙiba ta ga fuskarta ta kumbura cikin sati biyu, me kuke zato za ta yi?

Inda magana ba ta isa ba

Zan faɗi wannan ƙarara don kar a ce na ce kansilin ne komai. In tana suma, ko bugun zuciya ya yi ƙasa sosai, ko tana amai kullum har gishirin fotasiyam ya sauka, ko ta daina shan ruwa, ko ta fara zancen gara ta mutu, wannan ba na jiran mau'idin ganin likita ba ne, gaggawa ce, a kira motar asibiti a 997 ko a wuce ɗawari, wato sashen gaggawa, kai tsaye. Haka mai ciwon sukari da ke rage insulin don ta rame. Kuma wadda ta daɗe cikin yunwa ba a ɗura mata abinci lokaci guda a gida, don sinadaran jini irin su fosfet suna iya faɗuwa zuciya ta rikice, dole likita ya riƙa bi da gwajin jini. Shi ya sa aikin na mutum uku ne, likitan jiki da masanin abinci da mai kansilin.

Sannan ba ya sauri. Wani bincike a Boston ya bi mata masu ciwon har shekara 22, a shekara ta tara kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na masu anoreksiya suka warke, amma a shekara ta 22 sun kai kusan biyu cikin uku. Ana warkewa, har waɗanda aka fid da rai da su, sai dai wanda aka kama da wuri ya fi samun sauƙi, kuma komawa baya a tsakiyar hanya abu ne da ake sa rai da shi ana shirya masa.

Azumi fa?

Ramadan lokaci ne mai wuya ga masu wannan ciwo, mai anoreksiya ta samu mafaka babu mai tambayarta don me ba ta ci ba, mai bulimiya kuma yunwar yini da cikar sufurar buɗa baki su ne daidai abin da ke tayar mata da ciwon. Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Baƙara, ya rama a wasu kwanaki. A tambayi likitanta tun Sha'aban, a kai maganarsa ga malami, kuma in an ce ta sha, wani a gidan ya zauna da ita lokacin cin ranarta don kar kunya ta hana ta.

Mu nan ina za a dosa?

Na san sunan asibitin ƙwaƙwalwa na Shihar da ke Ɗa'if kaɗai ya isa ya sa uwa ta ce a'a, kamar yadda mutanen Kano ke jin sunan Dawanau. Amma yawancin wannan aiki ba kwanciya ake ba, zuwa ake a yi awa guda a dawo gida. Ana iya fara wa da kiran 937 na ma'aikatar lafiya, ko a nemi mau'idi ta manhajar Sehhaty ga wanda ke da damar asibitin gwamnati, akwai kuma layin shawara na cibiyar ƙasa mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, 920033360, ga asibitocin Irada a manyan garuruwa. Mai iƙama da ta'amin, wato takardar zama da inshorar lafiya, ya tambayi kamfaninsa abin da suke biya a ɓangaren nafsiyya kafin ya fara, don jalsa, wato zama guda da mai kansilin, a asibitin kuɗi tana da tsada kuma ba ɗaya ba ce ba biyu ba. Waɗanda ke ba ni tausayi su ne 'yan uwanmu da takardunsu ba su cika ba, su ko ciwon jiki ma ɓoyewa suke balle wannan, a nan ne ya kamata dangi da masu hali su haɗa hannu kamar yadda muke haɗawa in za a yi wa wani tiyata.

In an samu zuwa, a tambayi mai kansilin kai tsaye ko ya taɓa aiki da masu wannan ciwo kuma wace hanya yake bi, don ba kowa ya ƙware a kai ba. In yarinya ta fi sakewa da mace a nemi mace. In uwa Larabcinta bai kai ba a tafi da babba da aka yarda da shi ya fassara, kar a sa yarinyar ta zama tafinta a kan ciwonta.

'Yar maƙwabtan namu yanzu tana shekarar farko a jami'a. Al'adarta ta dawo, gashinta ya daina zuba, har yanzu tana zuwa jalsa sau ɗaya a wata, kuma lokacin jarrabawar da ta wuce ta fara tsallake karin kumallo, ita da kanta ta gaya wa uwarta a kwana na uku, suka kira aka matso da mau'idin.